Shayin Dattijon Mahsud a Jarwal

Mun tashi da asuba daga Madina, mu uku: ni da ɗan goggona da wani abokinmu. Muka ɗaura harami a miƙati, ni na yi niyyar umara a madadin kakana marigayi. Hanya shimfiɗe, baƙaƙen duwatsu dama da hagu. Sanyin motar kuwa ya sa masu taƙama da jarumta suka nannaɗe kamar jarirai.

A Jarwal, wata unguwa a Makka, muka sauka. Abinci a nan ya fi na gindin Harami sauƙi, sai dai hawa da gangara su cinye maka rarar. Ɗan goggona, haifaffen unguwar Tandabawi ta nan Makka, shi ne jagoranmu, kuma Hausarsa rabi Larabci ce.

Bayan mun sauke umara, maƙwabcin ɗakinmu ya kira mu shan shayi. Dattijo ne mai jan gemu na lalle, ɗan ƙabilar Mahsud, daga duwatsun iyakar Pakistan da Afghanistan. Yana Larabci, ɗan goggona yana fassara. Ya ce kakarsa ya yi wa umara, sannan ya ambaci sojan Ingila.

Nan bakina ya riga hankalina. Mu a gida abin alfahari ne a ce kakanka na cikin mazan jiya. Na bugi ƙirji na ce nawa ma sojan Ingila ne, har yaƙin ƙasar Bama ya je, da lambar yabo ya dawo.

Ɗan goggona ya harare ni. "Ya akhi, ka bari ya ƙarasa mana. Wallahi aib ne."

Amma dattijon ya ce a fassara masa. Ya ji, sannan ya ci gaba. Mahaifinsa yana ƙarami Turawa suka shigo kwarinsu da igwa da jiragen sama, wai ladabtar da Mahsud. Suka rushe gidaje, suka ƙona hatsi ana tsakiyar sanyi. Mutane suka gudu cikin kogo, a can kakarsa ta rasu. Yawancin sojojin ma, in ji shi, ba Turawa ba ne, talakawa ne da aka kwaso daga wasu garuruwa.

Kunya ta rufe ni, na yunƙura zan tashi. Ya riƙe hannuna, ya sake cika min kofi. A al'adarsu, wanda ya zauna kan shimfiɗarka ba ya tashi da ɓacin rai.

"Kakanka ya taɓa ƙona wa wani hatsi?"

Na ce ban sani ba. Gaskiyar ke nan, kuma ta yi min nauyi har muka hau jirgi.

Da na dawo Kano na tambayi wata goggona, wadda ta yi jinyar kakana. Sai ta ce:

"Bai taɓa faɗa ba. Amma har ya rasu, in ana ƙona kara a gona, ɗaki yake shiga ya rufe ƙofa."

Tafiyar nan ta koya min cewa shekara da shekaru ina alfahari da abin da mai shi ya kasa kallo. Allah Ya gafarta masa, Ya jiƙan tsohuwar da ta kwanta a kogo.