Gwangwanin da Ba a Cire wa Safa Ba

Da hantsin ranar Talata, sha ɗaya ga watan Maris, ana tsakiyar girbin furen hof, wanda ke ba giya ƙanshi da ɗaci, a kwarin Derwent, Glenys ta kira ni a waya ta ce mahaifiyarta ta cika. Goggo Noreen Triffitt, ƙanwar mahaifina, ta rasu a gidanta tana da shekara tamanin da ɗaya, bayan jinyar da ta cinye mata lokacin zafi na ƙasar nan gaba ɗaya. Ina cikin rumfar da nake dafa giya labarin ya same ni. Na zauna a kan buhun tsiron sha'ir, na rasa abin da zan yi da hannuwana. Iskar ranar duk ƙanshin hof ce, Goggo, irin wanda kike cewa ko makaho ya shaƙa ya san Maris ya kama.

A cikin wannan ƙanshi kika girma. Tun kina yarinya kike tsinkar furen, har yatsunki suka rine da ƙaronsa. Daga baya kika zama alƙaliyar giya a baje kolin garinmu na shekara-shekara, kika riƙe kujerar har gashinki ya yi fari fat. Amma ainihin kotunki ba a can take ba. Tana barandar gidanki, kowace Lahadi bayan an taso daga coci, inda duk mai dafa giya a kwarin nan yake kawo gwangwaninsa, gabansa na faɗuwa.

Wanda bai taɓa zuwa ba zai yi dariya in ya ga teburin. Kowane gwangwani sanye yake da safar ulu, cikin tsofaffin safunan da kika saƙa wa mijinki, marigayi Kawu Len. Kin ce ido maƙaryaci ne, da ya ga suna da zanen gwangwani sai ya raɗa wa harshe abin da zai faɗa. Tsohon maƙwabcinki Col Rainbird ne yake sanya safunan a kicin, ya fito da su a faranti, fuskarsa a murtuke don kada ki karanci komai.

Farar giya ce abin sonki, wadda muke kira fara alhali launinta na zuma ne. Har yanzu ina ganinki kina karkata tambulan, kina tsiyayawa a hankali har kumfa ta kai faɗin yatsa biyu. Ki ɗaga shi wajen haske. Ki rufe bakinsa da tafin hannu, ki jujjuya, ki buɗe, ki sa hanci kina neman ɓawon lemu da ciyawa sabuwar yanka. Sannan ki kurɓa ki haɗiye, domin kin ce ɗaci a maƙogwaro yake kwana. Daga nan sai shiru, shirun da ya sa ƙattin maza zufa. Kina cewa ɗacin farar giya baƙo ne, ya shigo ya gaisa ya tafi. Wanda ya shimfiɗa tabarma a maƙogwaro ba baƙon kirki ba ne.

Hukuncinki iri uku ne kacal. Wadda ta lalace, ki miƙa hannu ta saman katangar baranda ki juye wa tumatir. Wadda ba laifi, ki shanye tambulan ki yi gaba. Wadda ta kai, kuma ba kullum ake samunta ba, sai ki ce, "A cire masa safa in ga fuskarsa." Ki zare safar da hannunki, ki karanta sunan mai ita da ƙarfi. Wallahi na ga mutumin da ya share hawaye a kan wannan kalma.

Ba ki taɓa raga wa kowa ba. Giyar fastonmu ta sha zuwa wajen tumatir, haka ta surukinki. Col yakan leƙa lambun ya ce, "Noreen, tumatirin nan naki ko tsayuwa ba sa iyawa, mashaya ne na ƙin ƙarawa!" Ke kuma ki ce masa ya rufa wa kansa asiri, rabin abin da suka sha nasa ne. Sai dai abin da mutane da yawa ba su sani ba, washegari kikan tuƙa tsohuwar motarki har gidan wanda kika kunyata, ki shiga rumfarsa, ki shinshina tukwanensa ɗaya bayan ɗaya har ki gano inda gizo ke saƙa. Ba ki taɓa karɓar ko sisi a kan haka ba.

Ni kuwa, Goggo, kin san abin da nake nema a wurinki. Lokacin da injin katako ya rufe na rasa aiki, ke kika ba ni tsohuwar rumfar Kawu Len da tukwanensa, kika ce namiji ba ya zama yana ƙirga tsuntsaye. Tun daga lokacin nake kawo farar giyata barandarki. Ta wuce matakin tumatir da daɗewa. Ana sayenta a birnin Hobart, har lambar yabo ta ciyo a wani gari. Amma ba ki taɓa cire mata safa ba. Ki shanye, ki lashi leɓe, ki wuce na gaba. Nakan koma gida raina a ɓace, in rantse na daina zuwa, Lahadi na zagayowa kuma ga ni da gwangwani a hannu. Lambar yabon nan da za a karɓe ta a ba ni kalmarki guda, da gudu zan bayar.

Lahadin ƙarshe da kika iya fitowa baranda, mu uku ne kawai, ni da ke da Col. Kin rame, an naɗe ki da bargo duk da zafin rana. Col ya jera gwangwani uku. Kika tsiyaya na farko, kika sa hanci, kika daɗe. Sai kika ajiye kika ce, "Wesley, maganin nan ya kashe mini harshe. Harshena ya riga ni tafiya."

Na ce, "Haba Goggo, ki dai kurɓa, ko me kika ce mun yarda."

"Ka taɓa ganin na yi shaidar zur? Matso nan, ɗan nan. Yau kai ne alƙali."

Na farko ba laifi, na shanye. Na biyu tun kafin ya iso bakina na gane nawa ne, kuma na ga kin gane na gane. Ƙanshin lemun yana nan, ɗacin ya gaisa ya tafi. Amma can ƙasa, siriri, akwai warin jiƙaƙƙen kwali, alamar iska ta shiga kafin a rufe gwangwani. Shekara da shekaru ina shan giyar nan ban taɓa yarda in ji shi ba. Ashe laifi tudu ne. Safar tana nan a gabana, in na miƙa hannu na zare ta, ba mai harshen da zai ƙaryata ni a teburin. Kina kallona ba ko ƙiftawa. Na tashi, na juye wa tumatir.

Col ya tuntsire da dariya ya ce, "Kai, yaro ya yanka ɗansa da hannunsa!" Ke ma kika yi dariya har tari ya sarƙe ki. Da ya lafa sai kika ce, "Iska ce, ko? Tun yaushe nake jira ka ji da kanka. Je ka gyara, ka kawo mini." Sannan kika sa Col ya ɗauko jakar safunan Kawu Len, kika ɗora mini a cinya, kika ce daga yau baranda tawa ce.

Na gyara, Goggo. Na kwance injin rufe gwangwani na gano inda iskar ke shiga. Na dafa sabuwa da furen farko na bana, daga tsohuwar kurangar da ke bayan gidanki. Giya ba ta jin gaggawa, sai da ta ɗauki kwanakinta. Ranar Litinin na zuba ta a gwangwani, na ce Lahadi zan kawo miki ko da kumfar kawai ki gani. Talata kika tafi.

Bayan jana'iza na kai ɗaya barandarki, na sa masa safa, na ajiye a gaban kujerarki. Col ya ce tunda ni ne alƙali yanzu, in ɗanɗana in yanke hukunci mana. Na ce masa wannan shari'ar ba tawa ba ce. Juye tawa ga tumatir zan iya, kin koya mini. Amma cire mata safa, hannu ɗaya ne na yi shekaru ina jira, kuma an binne shi ranar Juma'a. Ina kewarki, Goggo. Ina kewar shirun nan naki da ya sha hana ni barci.

Allah ya jiƙanki, ya gafarta miki kurakuranki, ya sa kin huta. Yadda ba ki taɓa tauye wa kowa mudu ba, Ubangiji ya auna miki da mudun rahamarsa, ya sada ki da Kawu Len cikin salama. Ina miƙa ta'aziyyata ga Glenys da maigidanta da jikokinki, da Col Rainbird wanda ya rasa abokiyar faɗa, da duk masu dafa giya na kwarin nan. Allah ya ba mu haƙuri da dangana.

Glenys ta tambaye ni ko ta kwashe teburin barandar. Na ce ta kwashe komai, amma gwangwanin nan ta bar shi da safarsa.