Hannun da ke Riƙe da Kura

Kakarmu, mahaifiyar Baba, ba da baki kaɗai take tatsuniya ba. Da lakar bakin kogin Shari take ƙera mutanen labarinta, ta shanya su a kan katanga, bayan magariba ta jera su gaban murhun gawayi a tsakar gidanmu na unguwar Paris-Congo. In ta ce, "Ga ta nan ta taso," sai mu amsa, "Ta zo mu gan ta." Dokarta ɗaya ce: in ta ce a rufe ido, a rufe. Kafin ta ce a buɗe, ta matsar da kowane ɗan laka kaɗan. Da haka muke ganin suna tafiya, ba mu taɓa ganin hannunta ba.

Tatsuniyoyinta ba su da sassauci. Wadda muka fi tsoro ita ce ta mahauci da kura. Mahauci ya taso daga kasuwa da ragowar nama a ka, kura ta ji ƙanshi ta biyo shi. Yana tafe yana jefa mata tsoka har faifan ya ƙare, a bakin ƙofarsa kuma ta cim masa. Kullum haka take ƙarewa, ko da ƙanwata Zara za ta kwana tana kuka.

Wata rana harbi ya tashi daga tsakiyar gari tun la'asar. Babanmu mahauci ne a babbar kasuwa, Grand Marché. Maƙwabta suka yi ta dawowa da gudu, wani ba takalmi, shi kuwa shiru. Inna ta tsaya a zaure ta ƙi zama. Wuta ta ɗauke, Zara ta maƙale a jikin Kaka, sai Kaka ta ce mini, "Angona, ɗauko mana mutanen katanga."

Na ɗauko waɗanda hannuna ya fara taɓawa: mahauci, kura da ɗan gidan laka. Ban yi tunanin komai ba. Kaka ta daɗe tana kallonsu. Mayar da su zai sa Zara ta tambayi dalili, don haka ta jera su.

"A rufe. A buɗe."

Mahauci ya matsa. Aka sake, ya ƙara matsawa. Daga nesa wani abu ya yi ƙara har kwanukan Inna suka amsa. Amma ni abin da ya dame ni daban: an daɗe ana rufewa ana buɗewa, kura ba ta rage tazara ba. Da aka ce a rufe, na bar ido ɗaya. Na ga yatsun Kaka sun tura mahauci gaba, sun ja kura baya. Idonta kuma na kan zaure.

"Kaka na maguɗi!" na ce. "Baya take jan kurar. Ai a ƙofa take cinye shi, kowa ya sani!"

Zara ta dubi mahaucin laka, ta dubi zaure. "Baba ne?" Na ji Inna ta ja numfashi daga inda take tsaye.

Kaka ba ta daka mini tsawa ba. Ta ɗauki kurar ta ɗora mini a tafin hannu.

"To, sarkin gani. Wanda ya buɗe ido shi ke jan kura. Ni da mahauci, kai da ita. Zara, rufe."

Zara ta rufe ido da hannu biyu. Na ajiye kurar a ƙasa. Lakar ta yi ɗumi saboda wutar murhu, kamar mai rai. Tsakaninta da mahaucin bai fi taƙi ba, gidan kuma yana can gefen tabarma. Na san inda labarin ya ce in kai ta. Hannuna ya ƙi. Na ja ta baya.

"A buɗe," in ji Kaka, ba ta ko kalle ni ba. "Kura ta tsaya cire ƙaya."

Haka muka yi ta yi. Kura ta tsaya shan ruwa, kura ta yi tuntuɓe, kura ta tsaya gaisawa da surukarta. Gawayi ya fara zama toka. Mahauci ya iso dab da ƙofa, Kaka ta rage masa tafiya zuwa faɗin farce, don ba ta son ya shiga gida kafin na gaske ya shigo. Dabarunta suna ƙarewa, ina jin haka a muryarta.

Sai aka taɓa ƙyauren zaure.

"Ku buɗe, ni ne."

Baba ya shigo ba hula, ba wuƙaƙensa, rigarsa duk ƙasa. A shagon wani Balarabe mai sayar da ƙusa ya ɓuya, sannan ya biyo lunguna. Ya dube mu. "Lafiya kuka yi jugum kamar gidan makoki?"

Kaka ta tura mahauci cikin gidan laka. "Kalas, shi ke nan," ta ce. "Kura ta kwana da yunwa, tatsuniya ta koma inda ta fito." Ranar kaɗai ta taɓa sauya ƙarshen.

Bayan rasuwarta da shekaru, na kai ɗana gidan bidiyo a unguwar Atrone, aka saka wani fim na 'yan tsana masu tafiya da kansu. Mai gidan ya ce a kan matsar da su ne kaɗan, a ɗauki hoto, a cire hannu, a sake matsarwa. Ban ce masa na sani ba. Yanzu furfura ta fito mini, yarana kuma suna ɗokin wani sabon fim da aka ce zai fito, wai na ban tsoro ne, ba a rage wa tatsuniyar komai ba. Ban hana su ba. Amma in muna kallo, su dodon suke bi da ido, ni kuwa hannun da aka cire nake nema. Na yi wa Kaka ihun maguɗi a gaban jikarta, ita kuma maimakon duka ta miƙa mini aikinta. Tun daga ranar, duk sanda aka ce yara su rufe ido, na san wani babba ne ke jan kura baya.