Garmar da Ke Ƙarƙashin Jirgin Baba

Baba ba haifaffen Kura ba ne, ko da yake a nan ya yi aure, a nan ya haife mu, a nan kuma furfura ta same shi. Garinsu yana ƙarƙashin ruwa. Yana saurayi aka tare kogi aka yi dam ɗin Tiga, aka ce mutanen ƙauyensu su kwashe ya-nasu-ya-nasu. Suka kwashe abin da ke kwasuwa, suka bar kabarin mahaifiyarsa, wadda yake kira Iya, a bayan gida kusa da wani falalen dutse da take niƙa a kai. Tun daga nan ruwan da ya rufe ta shi ne yake biyo kanal ya zo har gonarmu. Na sha ganin Baba ya sa fartanya ya buɗe wa ruwa hanya zuwa fangali, sai ya tsaya yana kallonsa kamar mai jiran a ba shi saƙo.

Sau biyu yana zuwa dam ɗin ya roƙi masunta su shiga da shi a kwale-kwale. Su kuwa suna da komarsu da ke jira, awa guda sun juyo da shi. Yakan dawo yana cewa wurin ba ya nemuwa da gaggawa, sai an kwana an tashi a kan ruwan. Alamarsa duwatsu biyu ne da ke bakin dam ɗin ta yamma. In ka tsaya a ƙofar gidansu, ƙaramin yakan ɓuya a bayan babban, sai ɗan kansa kawai ya leƙo ta hagu.

Sai ciwon ido ya kama shi, irin mai cin gani daga gefe. Likita ya ba da magani, ya kuma faɗa mana gaskiya: abin da ya tafi ba ya dawowa, abin da ya rage ma a hankali zai bi. A hanyarmu ta dawowa daga asibiti, yana bayana a kan babur, ya ce, "Kai, in duwatsun nan suka ɓace mini, to Iya ta ɓace ke nan. Ba sauran mai rai da ya san alamar."

Ni mai walda ne, ina kuma gyaran injin ban-ruwa, kuma duk wanda ya san ni ya san ba na son a koya mini aikina. Wannan hali shi ya kusa ja mana asara.

A bayan wani injin casar shinkafa da ke hanyar Bunkure akwai wani tsohon jirgin ruwa na ƙarfe kwance a kan haƙarƙarinsa tun muna yara. An ce na wani Bature ne cikin injiniyoyin da suka haƙa kanal, yana yawo da shi a dam ranar hutu, da ya tashi tafiya ya bar shi. Yana da ɗan ɗaki a ciki mai gado biyu, da doguwar dirka ta ƙarfe da ake ɗaura ƙyalle iska ta tura. Kaji sun yi ƙwai a cikinsa, buhu ya ruɓe a kansa. Mai injin abokin Baba ne. Da Baba ya yi masa maganar, dariya ya yi ya ce a kwashe, ko ba komai a rage masa macizai.

Ranar da aka sauke shi a ƙofar shagona, kasuwa ta ci a wurin. Wani ya ce Baba zai je Hajji ta ruwa, wani ya tambaya ko an sanar mana da ranar ambaliya ne mu kaɗai. Na ji haushi, amma na haɗiye, na ja tocin waldana.

A ƙarƙashin jirgin akwai wani jibgegen ƙarfe mai faɗi, mai nauyin tsiya, ya miƙe ƙasa kusan tsawon ƙirjina. Baba da ya shafa shi ya ce garma ce, sunan kuma ya bi shi. Ita ce ta hana jirgin zama daidai a ƙasa, ita ta sa ɗora shi a mota ya zama bala'i. Na dube ta na ce cire ta zan yi.

Baba ya ce, "Anya? Wanda ya ƙera abin nan bai liƙa wannan ƙarfe don ado ba."

Na ce, "Baba, kwale-kwale nawa ka gani da garma a gindi? Duk shafaffu ne. Nauyi a ruwa ai nitsewa yake kawowa."

Ya ce, "To, aikinka ne."

Na yanke ta, na toshe wurin da faranti, na yi walda mai kyau da har yau ba na jin kunyar ta. Garmar kuwa na sa aka gangara da ita kan kwatar da ke gaban shagon, ta zama gada, masu babur suna ta sa mini albarka.

Wata uku muka yi a kan jirgin. Na kankare tsatsa har sai da yatsuna suka daina jin zafi, na cike ramuka, na shafa fenti kore. Baba ya kawo dabararsa ta mai ban-ruwa: ya ce kada mu jira ruwan waje ya nuna mana inda yake yoyo, mu cika cikinsa da ruwa mu zagaya mu gani. Huda bakwai muka kama a haka. Inna, mahaifiyata, wadda da farko ta ce mun haukace mu biyun, ita ta farke buhunan taki ta ɗinke su da basilla, irin shimfiɗar da ake shanya shinkafa a kai, ta yi mana tamfal ɗin da iska za ta tura. Na ɗora faifan sola a rufin ɗakin, na kafa kurfoti a cikin akwatin ƙarfe don kada garwashi ya zube, na ɗaure jarkoki biyu na ruwan sha. Baba ya shimfiɗa buzunsa a gadon dama ya ce nan ne nasa.

Gwaji muka fara yi a tafkin da ake tara ruwan ban-ruwa, wanda zurfinsa bai wuce wuyan mutum ba. Allah ya sa na hana Baba shiga. Jirgin ya hau ruwa ɗas, mutanen da suka zo dariya suka yi tsit, ni kuwa kaina ya kumbura. Na ja igiya tamfal ya tashi. Iska ta cika shi, na ji jirgin ya motsa, na ɗaga hannu zan yi wa jama'a sallama. Ban sauke hannun ba na ga sama ta koma gefe. Jirgin ya kwanta a hankali, ba ko gardama, ya juye ni cikin taɓo da hulata da komai.

Ihun da aka yi har masu dashen shinkafa suka miƙe suna leƙe. Na fito ina tofar da laka, na sami Baba a tsugune a bakin tafkin. Bai yi dariya ba, kuma da ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya ce, "In ka yi wa amalanke lodin kara ya yi tsawo, me kake sawa a ƙasa?"

Na ce, "Buhun hatsi."

A ranar na buɗe waya na nemi hotunan irin waɗannan jirage, na ga kowannensu da garmarsa a gindi. Kunya ta ishe ni, tsoro kuma ya fi kunyar. Bazara ta kusa, lokacin da ruwan dam ke ja baya, kuma a makon nan na ga Baba ya miƙa hannu zai ɗauki buta ya kuskure ta. In muka rasa wannan shekara, ban san da wane ido zai shiga ta gaba ba, kuma ni na jawo.

Na ɗauke gadar daga kan kwata, masu babur suka janye albarkarsu. Kwana tara na yi ina mayar da garmar, ina auna ta da igiya da ma'aunin magina, domin ko kaɗan ta karkace jirgin zai riƙa tafiya a kaikaice. Ban taɓa yin walda ina addu'a a kowane ɗigo ba sai a wannan.

Motar ɗaukar tarakta ce ta kai mu dam. Inna ta haɗa mana garin kunu da ƙuli-ƙuli da yaji da garin rogo, ta ce mini, "Ka dawo mini da shi yadda ka tafi da shi." Da aka tura jirgin ruwa na ɗaga tamfal, iska ta buge shi, ya karkata. Sai na ji garmar ta riƙe shi daga ƙasa, ya tsaya a karkacensa, ya fara tsaga ruwa. Baba ya riƙe dirka yana dariya har da hawaye, yana cewa, "Tafi da mu, ɗan albarka!" Ban sani ba ko da ni yake ko da jirgin.

Kwana uku na farko iska ce ke da mu. Inda ta so nan muke zuwa, masunta suna wuce mu suna tambaya ko a ja mu. A hankali na gane yadda ake karɓar ta ta gefe a yi gaba, a juya a karɓe ta ta ɗaya gefen. Muna dafa kunu da safe, mu sayi kifi a hannun masunta, in za mu tsaya mu jefa tsohon faifan garmar tarakta da na ɗaure da igiya. Salla ce ta fi ba mu aiki, domin kana kabbara kana fuskantar gabas, kafin ka yi sallama jirgin ya juya da kai kudu. Baba ya ce Allah ya san inda muka nufa.

Da hantsi kawai yake iya ganin duwatsun, lokacin da rana ke bayansa tana haska su. Sai ya zauna a gaban jirgin ya kare ido da hannu, yana juya kai gaba ɗaya saboda gefen ganinsa ya tafi, yana cewa dama, dama, ya isa. A rana ta shida ƙaramin dutsen ya shige bayan babban, kansa ya leƙo ta hagu. Baba ya ce, "Riƙe nan. Kada ka kauce ko taku ɗaya." Mun hau layin, amma layi yana da tsawo, ba mu san a ina gidan yake a kansa ba. Muka bi shi a hankali, ruwa shiru ko'ina, ba kututture, ba komai. Muka kai ƙarshe muka juyo. Rana ta yi sama, duwatsun suka fara dushe masa, na ga kafaɗunsa sun sauka.

Sai muka ji ƙum daga ƙasa. Jirgin ya girgiza, tukunyar kunu ta kife. Garma ta daki wani abu mai tauri ta tsaya a kai. Da kwale-kwale ne ya wuce ta saman wurin da bai ji komai ba, haka ma jirginmu da a ce na bar shi shafaffe yadda na so.

Baba ya tuɓe riga. Na ce, "Baba, bari ni in sauka." Ya ce, "Me za ka gane?" Na ɗaura masa igiya a ƙugu, na riga shi sauka, na tare shi. Ruwan ya kawo masa ƙirji. Ya rufe idon da muka yi ta tsere da shi wata da watanni, ya shiga lalube da tafin ƙafa a kan santsin dutsen, taku ɗaya, taku biyu, zuwa gefe. Sai ya tsaya. Ya ce, "Kawo ƙafarka nan."

Na kai. Rami ne mai sulɓi, dogo, daidai zaman dutsen niƙa. Kusa da shi akwai wani ƙarami.

Ya ce, "Babban na dawa ne. Ƙaramin ni Iya ta sa aka fafe wa, don in daina damun ta in tana aiki." Ya juya ya fuskanci arewa, ya ƙirga taku da baki, ya nuna ruwa da hannu. "Tana nan."

A tsaye cikin ruwa muka yi mata addu'a. Ban taɓa jin daɗi irin na wannan rana ba, kuma ba na sa ran zan ƙara. Da muka hau jirgi ya sa ni na zauna a inda yake zama, ya kama kaina da hannu biyu ya juya shi yamma, ya ce in faɗa masa abin da nake gani. Na faɗa. Ya ce in sake, na sake.

Yanzu Baba ba ya ganin ko ƙofar ɗakinsa. Duk bazara mukan koma, yana zaune a kan buzunsa, ni ina duban duwatsu. Wani lokaci tun kafin in yi magana sai ya ɗaga hannu ya ce in sassauta igiya, garma ta kusa yi wa dutsen Iya sallama.