Malamar Da Ke Gyara Turanci Da Kunne

Ƙarfe bakwai da rabi take shiga aji, ta shafa gefen tebur, ta zauna. Shekara talatin da ɗaya tana koyar da Turanci, amma a 'yan shekarun nan ta daina karɓar littafi. Kowa sai ya miƙe ya karanta aikinsa da bakinsa.

"Tsaya nan, ɗan nan! Ka ce *before*, sannan ka bar min aikatau tsirara? Sa masa wutsiyarsa ta *-ing*, kar ya ji kunya!"

Aji ya kwashe da dariya, kuma ba mai sake mantawa. Shugaban makarantar, wanda shi ma ɗalibinta ne a da, har alfahari yake wa baƙi da wannan sabon salo.

Ranar bikin ritayarta ya miƙa mata takardar yabo, ya ce ta karanta wa jama'a. Sai ta riƙe ta a juye. Ya ɗauka wasa take.

"Ranka ya daɗe, karanta min," ta ce a hankali. "Shekara shida rabon da in ga rubutu."

Makirufo ya kusa suɓuce masa. Wata malama ta dafe ƙirji tana salati. Shekara shida! Kullum yana wucewa ta tagar ajinta, bai taɓa lura ba.

"Mama, takardun jarrabawa fa?"

"Maigidana ke karanta min. Tsohon direba, yanzu har gyara ni yake."

"Me ya hana ki faɗa?"

"In faɗa ku sallame ni? Tun yaushe kake neman wani malamin Turanci, an turo maka ko rabin mutum? Yanzu ma jarrabawa saura wata uku. Wa zai shiga wa yarana?"

Ranar Litinin, ƙarfe takwas, shugaban ya rufe ofishinsa ya ɗauki alli da kansa.

Malama, ke ce kika laluba bango kika iso aji don kada yara saba'in su zauna a banza. Mun gode, kuma ki yafe mana rashin lura. Ku da kuka ci jarrabawa a hannunta, shugaba ba zai iya shi kaɗai ba. Ranar Laraba da Alhamis har yanzu ba kowa a gaban allon.