Addu'ar da Muka Yi wa Hajiya Tana Raye

Babanmu bai taɓa yarda lakwal, wato makarantar boko, ta fi shi iko da 'ya'yansa ba. Duk shekara da an fara yankan gero sai hankalinsa ya koma ƙauyensu can wajen Tsauni, yana so ya kwashe mu mu gaida mahaifiyarsa Hajiya, mu gasa tumu mu ci mu ƙoshi. A daidai lokacin kuma ake komawa aji, malamin da ke koyar da mu a Matameye kuwa, wanda muke ce wa mushe, ba ya sakin yaro sai da ƙwaƙƙwaran dalili.

Shekarar da nake aji huɗu Baba ya nemi dalili ya rasa, sai ya ƙirƙiro. Ya tsaya a bakin ajinmu, ya marairaice fuska, ya ce wa mushe Allah ya yi wa mahaifiyarsa rasuwa. Da kunnena na ji. Abin da bai zata ba shi ne mushe mutumin kirki ne. Ya ajiye alli, ya sa duk ajin suka ɗaga hannu, aka roƙa wa Hajiya gafara da hasken kabari. Ni ma na ɗaga, na ce amin, na shafa.

A cikin mota Baba sai raha yake da direba, har da saya mini ƙosai. Ban ci ba. Haushinsa nake ji, kuma na sa a raina cewa amin ɗin yara masu yawa haka ba ya faɗuwa ƙasa banza. Mun kashe ta ke nan.

Muka tarar da gidan tsit, kowa yana gona. A tsakar gida, kan igiyar shanya, wani dogon farin ƙyalle ne ke kaɗawa a hankali. Na ce a raina shi ke nan, ta mutu. Sai ga hannu ya ɗaga gefen ƙyallen, Hajiya ta leƙo tana tauna goro. Ashe likkafaninta ne da ta zo da shi daga Makka, takan fiddo shi ya sha rana saboda gara.

Da Baba ya tafi gona ta tambaye ni yadda aka yi aka sake mu ba lokacin hutu ba. Ban iya ɓoyewa ba, na faɗa mata duka. Ba ta yi faɗa ba. Ta sauke ƙyallen, ta ba ni bakinsa na kama, muna ninkewa, ta tambaya ko yaran da yawa. Na ce ajin cike yake.

"To, na samu tawa da wuri," ta ce. "Amma ranar da ta zo da gaske, me ubanki zai ce wa malaminku?"

Kafin damina ta dawo ta rasu, ana tsakiyar karatu. Na yi kuka na ce sai na bi Baba ƙauye wajen jana'iza. Baba ya riƙo hannuna har ƙofar lakwal, ya tsaya yana kallon ajinmu, ya kasa shiga. Ya ce in wuce ciki, ya juya tasha shi kaɗai.

Lissafi muka yi a safiyar da aka kai ta. Yarinyar da ke kusa da ni ta ga ina hawaye, ta tambaye ni wa ya dake ni.