Dabbobi Sittin da Uku na Baba Mala

Na zauna na ƙirga: dabbobi sittin da uku Baba Mala ya yi amfani da su wajen sasanta mutane a ƙauyenmu, nan ƙasar Auyo. Tsuntsaye ashirin da biyu, kifaye goma sha ɗaya, sauran masu ƙafa huɗu ne da masu jan ciki. Ni ne sakataren ƙungiyar manoman shinkafa, shekara tara ina halartar zaman sulhunsa, don haka ba labari aka ba ni ba.

Bai taɓa ce wa mutum "kai ne marar gaskiya" ba. In shanu sun shiga gona, sai ya zauna tsakanin manomi da makiyayi, ya gyara hula, ya ce, "Kun taɓa ganin balbela ta yi faɗa da saniya? Kowa na cin arzikin wani." Da mutanen gangare suka ƙi fitowa gayyar yankan kachala, ciyawar da ke toshe mana hanyar ruwa, jan-baki ya kawo musu: tsuntsu bai cika tafin hannu ba, amma in sun taru sai su share gona kafin azahar. Washegari mutum tamanin da huɗu suka fito da lauje.

Dabba ɗaya ce ba ya ambata: gaiwa, kifin nan da ke binne kanta a laka in ruwa ya janye, ta yi ta cin jikinta har damina.

Shekara goma sha tara da suka wuce, ƙaninsa Adam ya hana masunta shiga tafkin da ke bakin gonarsa. Aka tara jama'a. Mala, don kada a ce ya fifita ɗan'uwa, ya ce mai ƙulle ruwa shi kaɗai gaiwa ne, ba wanda yake ci sai kansa. Aka yi dariya, Adam ya bar tafkin. Amma kafin kasuwa ta zagayo, har yara na kiransa Adam Gaiwa. Da kaka ta wuce ya kwashe iyalinsa ya koma Guri, bai sake takowa ba.

Bara Falmata, matar Mala, ta rasu. Ita yake fara gwada wa kowane misali, in ta taɓe baki ya watsar. Gidan ya koma daga shi sai buta. Bayan arba'in ya same ni, ya ce, "Musa, ka kai ni Guri a babur ɗinka. So nake Adam ya dawo gida."

Awa uku da kwata muka yi. Duk hanya ina jin sa a bayana yana gwada dabbobi. Shamuwa, mai komawa bishiyarta kowace shekara. "A'a, sai su sa masa Shamuwa." Bakwai ya ɗauka, bakwai ya ajiye.

A Guri mun tambayi mutum uku gidan Malam Adam, ba wanda ya gane. Na huɗun ya ce, "Ko Gaiwa kuke nufi?" Ashe fataken kifi sun kai sunan tun tuni.

Mun tarar da shi a ƙofar gida yana ɗinkin komar kamun kifi. Bayan gaisuwa ya ce, "Ya Mala, yau kuma wace dabba ka zo min da ita?"

"Ban zo da ko ɗaya ba. Na zalunce ka, Adam. Ka yafe mini."

"Na yafe tun ban yi furfura ba." Ya nuna wata yarinya da ke shanya tufafi. "Jikata ce, Khadija. A makaranta Khadija Gaiwa suke ce mata. Kai da ka iya magana, cire mata."

Mala ya dubi yarinyar. Can ya ce, "Ka dawo gida. Ni kaɗai ne."

"A nan masu kirana ba su san dalili ba, Yaya. A can sun sani."

Aka kawo tuwo suka ci a kwano ɗaya, suka yi la'asar kafaɗa da kafaɗa. Adam ya rako mu har bakin titi, ya juya.

Tun daga ranar sau huɗu aka kira Baba Mala sulhu. Ya je duka, ya faɗi gaskiya ƙarara, ba tsuntsu ba kifi. Mutane suka yi ta jira, har wani ya ce, "Baba, ina dabbar?" Ko rikici ɗaya bai sasantu ba. Yanzu wajen mai unguwa ake zuwa.

Kullum da hantsi yana gindin tsamiyar bakin kogi. Makon jiya na tsayar da babur na ce, "Baba, ka cika min sittin da huɗu mana." Sai ga balbela ta sauka a bayan wata saniya, kusa da mu. Ya daɗe yana kallonta, sannan ya tambaye ni ko akwai mai zuwa Guri ranar kasuwa, yana da shinkafa mudu biyar da zai aika wa Khadija.