Gidan da Seini Ya Cire

Seini namu, Allah ya jiƙansa, mai gyaran kwamfuta ne a wani ɗan shago kusa da kasuwar Kejetia. Shekara shida yana bin tsofaffin Zongo gida-gida yana ɗaukar muryarsu: wa ya haifi wa, wa ya taso daga Dosso, wa ya zo sayen goro ya zauna. Duk ya zuba a manhajar da ya rubuta da kansa.

A cikinta kowane suna yana riƙe da adireshin uba da na uwa, wato inda suke a ƙwaƙwalwar na'ura. Adireshin akwai dogo, akwai gajere. Seini ya zaɓi gajere don rabin wuri yake ci, na'ura takan ɗebo da yawa lokaci guda. Kafin ka rufe baki ta jero maka kakanni bakwai. Sai dai da gajere, manhajar ba ta ɗaukar abin da ya wuce giga huɗu. Ya sani. Cewa ya yi, "Zongon duka nawa take?"

Amma tsofaffinmu ba sa faɗin suna tsurarsa, sai da kirari da labarin hanya, shi kuwa Seini bai iya katse babba ba. Haka muryoyin suka yi ta cinye wuri.

Ciwon ƙoda ya riga ya kumbura masa ƙafafu ranar da Hajiya Azaratu, wadda ita kaɗai ta rage da sanin asalin gidaje goma sha ɗaya, ta yarda ta yi magana. Ranar ce manhajar ta cika. Mayar da ita dogon adireshi aikin wata biyu ne, likita kuma bai ba shi wata biyu ba.

"Kai ɗan nan, shekara uku kana damuna, yau na buɗe baki akwatin naka ya ƙoshi?"

"Hajiya, don Allah kada ki tashi."

Ya shiga neman abin cirewa a manhajar. Muryar kowa amana ce, ba ya taɓa ta. Sai ta mahaifinsa, awa tara, wadda ta fi kowacce tsawo. Ya kwashe gidansu kaf ya sa a filashi, ya ce zai mayar in ya samu sauƙi. Kwana tara ya yi yana shigar da na Hajiya, yana amai yana komawa kan kujera. A na goma ya cika.

Filashin na hannun ƙanwarsa Rafia, babu wanda ya iya mayarwa. Ranar sadakar bakwai ta rubuta sunan yayanta a manhajar. Na'ura ta ce babu mai wannan suna.